Mai Karatu a Kan Tabarma

Na san abin da ake gaya muku a kan littafina. Na san a gidan kawunku na Gangara, duk ranar suna ko ɗaurin aure sai wani ya tashi ya kwaikwayi muryata an kwashe da dariya, har jikokina da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suna tayawa. Ban hana kowa ba. Amma tunda ni abin ya faru da shi, kuma har yanzu bakina bai mutu ba, gara ku ji daga wurina, don masu ba da labarin suna tsayawa ne daidai inda na ji kunya, su bar sauran.

Ni dillalin raƙuma ne a kasuwar Tanut, haka ubana, haka kakana. Abin da ba ku cika lura da shi ba shi ne, dillali a Damargu ba da baki kaɗai yake cin abinci ba, har da zaure. Makiyayi in ya taho daga daji da dabbobinsa yana da gidan da yake sauka. A nan zai ɗaure, a nan zai ci ya sha, kuma maigidan nan shi ne zai sayar masa. Ba takarda, ba shaida, gado ne kawai. Babban baƙona shi ne Agali, Ba'abzine daga arewacin Balbeji. Kakansa a wurin kakana yake sauka, ubansa a wurin ubana, ni da shi kuwa tun ba mu fara naɗa rawani ba muke rigima a kan wanda zai hau gaba in an ɗora mu a raƙumi. Dogo ne, maganarsa tsada gare ta, in ka ji ya jera zance mai tsawo to ka duba ko zazzaɓi yake yi. Na daɗe da sanin cewa ranar da Agali ya sauka a wani gida ba nawa ba, ranar na rushe abin da iyayena suka bar mini. A shekarar da nake ba ku labari wannan tsoro ya fara kama ni da gaske, don 'ya'yansa sun koyi ɗaukar hoton raƙumi a salula su aika wa mai saye, ba su ga amfanin wani tsoho mai zaure ba.

Ana nan sai yayarku Rakiya ta zo hutu daga Damagaram. A buron da take aiki, wato ofis, an yi musu formasiyo, horo ke nan, a kan kasuwanci, ta dawo kanta cike, tana neman wanda za ta juye wa. Ta same ni a tsakar gida ina bayanin yadda ake gane shekarun raƙumi daga haƙoransa, alhali ba wanda ya tambaye ni.

"Baba, wannan ilimi naka asara ne ya tahi kabari da kai. Littafi za mu yi."

"Ke kin hango kabarin ya matso ne?"

"A'a, Allah ya ja kwana. Kai dai ka yi magana, ni in ɗauka a salula in rubuta. Amma an koya mana, kahin a fara sai an amsa tambaya biyu. Me kake so littafin ya yi maka? Kuma wa kake rubuta wa?"

Tambayar farko ba ta ba ni wuya ba. Na gyara zama, na ce burina shi ne in amfanar da matasa, in bar wa al'umma abin tunawa. Uwarku tana can bakin murhu tana tuƙa tuwo, ko juyowa ba ta yi ba ta ce:

"Rubuta, Rakiya. Burinsa ya samu wanda zai saurare shi tun daga farko har ƙarshe bai tashi ya ce zai kama ruwa ba."

Na yi kamar ban ji ba. Gaskiyar burina kuwa ban faɗe ta ba, don ba a ce wa 'yar cikinka tsoro kake ji. Na so ne 'ya'yan Agali su ji an ce maigidan ubansu har littafi gare shi, su san ba wanda za a tsallake da hoto ba ne.

Tambaya ta biyu ita ta kayar da ni. Rakiya ta ce ba a rubuta wa kowa da kowa, mutum ɗaya ake zaɓa, ka ƙirƙiro shi a ranka, ka san shekarunsa da sana'arsa da abin da ke hana shi barci, sannan ka yi masa magana kamar yana gabanka. Na ce mata ƙirƙirar mutum aikin Allah ne, ni ba da ni ba. Ta ajiye salula a gabana ta danna. Na yi bisimilla, na yi sallama, sai na tsaya ina jiran a amsa. Shiru. Ku gane, ni tun tasowata ban taɓa buɗe baki ban ga fuskar da nake yi wa magana ba. Dillali ido yake bi. In girar mutum ta motsa na san in ƙara, in ya kalli takalminsa na san in rage, in ya sosa ƙeya na san ciniki ya kusa. To wannan baƙin ƙarfe ba gira ba ƙeya, me zan gaya masa? Uwarku ta ga ina gumi, sai ta mirgino turmi ta kafa shi gabana, ta ɗora masa tsohuwar hulata, ta ce ga mai karatu. Wallahi na gwada. Na yi wa turmin nan bayani har na fara jin daɗinsa, amma da na zo wurin da ya kamata ya ce albarka ya ƙi tayina, ya yi zuru, sai zancen ya tsinke. Ba a ciniki da wanda ba ya musu.

Na yanke shawara ni kaɗai: tunda dole sai da mutum ɗaya, to mutum na gaske zan zaunar a kan tabarma. Jajibirin kasuwa Agali ya iso da raƙumansa. Bayan ya ci ya sha, ya hura gawayin shayinsa, na ce masa ya gyara zama, shi ne mai karatuna. Ya ce ai bai iya karatu ba. Na ce ba komai, ni ma ba rubutun nake yi ba. Rakiya ta danna, ni kuwa da na ga idanun nan nasa a saman rawani sai bakina ya buɗe kamar an kwance bakin salka. Na gaya masa yadda mai sayarwa zai yi. Ka ba raƙumi kanwa ya sha ruwa ya cika kafin a shiga kasuwa. Ka ɗaure babba kusa da ƙarami don girmansa ya fito. Kada ka fara faɗin kuɗi da bakinka. In mai saye ya buɗe bakin dabba yana duban haƙora, kai ka dubi hanya kamar mai shirin tafiya. Sannan na ba shi babban sirrin. Na ce fatake masu zuwa daga kudu hayar kamiyo suke yi, direba yana kansu, dole motar ta cika kafin rana ta faɗi. Saboda haka kada ka sallama da safe, ka jira la'asar, da ƙafarsu za su biyo ka. Agali ya sauke rawani daga bakinsa, abin da ba ya yi sai zai sha shayi, ya ce:

"Maigida, wannan magana ce."

A wurin Agali wannan kirari ne. Rakiya ta tura masa maganar a salularsa, ya soka ta a aljihu kamar laya. Washegari ya sayar yadda aka saba ya koma daji, ita ma hutunta ya ƙare, ta koya wa uwarku wurin dannawa ta tafi.

Bayan 'yan kwanaki sai ga Alhaji Bala. Shi ne babban falken da nake saya wa, daga Najeriya yake zuwa ya cika kamiyo da raƙuma, kuma ba zan ɓoye muku ba, yawancin hatsin da kuka ci kuka girma daga la'adar cinikinsa ya fito. Gajere ne mai tumbi da fara'a, yana dariya yana yanka ka. Labarin littafi ya riga ya kai masa, don uwarku ta gaya wa maƙwabciya ɗaya tak, bisa amana.

"Alhaji Lawali, ashe littafi ake yi ba a neme mu ba? To wa ake rubuta wa in ba mu ba?"

Dillali ba ya ce wa mai saye a'a. Na ce ai kai nake jira, na shimfiɗa masa tabarma, na kira uwarku ta danna. Da na ga fuskarsa sai wani bakin ya buɗe. Na gaya masa yadda mai saye zai yi. Ka danna cikin raƙumi da hannu, ruwan kanwa ba ya ɓuya. Ka sa a janye shi daga kusa da ƙaramin da aka ɗaure masa, ka gan shi shi kaɗai. Ka yabi wanda ba ka so, ka kushe wanda kake so. Shi ma na ba shi babban sirrin. Na ce makiyayi da buhuna wayam yake zuwa, a can daji iyali suna jiran hatsi da sukari da ganyen shayi, ba zai iya komawa hannu biyu ba. Saboda haka kada ka yi tayin kirki da safe, ka jira la'asar, da kansa zai sauko. Alhaji Bala ya yi dariya har tumbinsa yana rawa, ya ce a tura masa.

Yanzu ku tsaya in gaya muku, don a nan ake yi mini ƙazafi. Ban yi wa kowa ƙarya ba. Duk abin da na gaya wa Agali gaskiya ne, duk abin da na gaya wa Alhaji Bala gaskiya ne. Aikin dillali ke nan tun kaka da kakanni: ka ja wannan gefe ka ba shi gaskiyarsa, ka ja wancan gefe ka ba shi tasa, har su haɗu a tsakiya kowa yana ganin shi ya ci. Abin da iyayenmu ba su taɓa yi ba shi ne su zuba gaskiyar nan biyu a cikin salula.

Kasuwa ta zagayo. Agali ya zo da raƙuma masu kyau, ya ɗaure kowane babba kusa da ƙarami, cikinsu tim da ruwa. Alhaji Bala ya zo yana danna ciki yana cewa a janye wannan daga nan. Ya buɗe bakin wani amale, Agali ya juya yana duban hanyar Agadas. Ya yabi wata tsohuwar taguwa da ko kyauta ba zai karɓa ba, Agali ya ce albarka tun ba a taya ba. Na yi ta kai da kawo tsakaninsu har ƙafafuna suka yi zafi. In ja wannan gefe ya ce mini "la'asar, maigida", ya kashe mini ido. In ja wancan ya ce "sai la'asar, Alhaji", shi ma ya kashe mini ido. Ashe ba su kaɗai ba ne. Agali ya kunna wa duk makiyayan rijiyarsu tasa, Alhaji Bala ya kunna wa abokan tafiyarsa tasa. Tunda nake ban taɓa ganin kasuwar raƙuma ta yi tsit haka ba. Masu sayarwa zaune suna duban hanya, masu saye zaune suna duban rana, dillalai muna tsaye a tsakiya muna duban juna. La'asar ta yi, kowa ya gyara zama yana jiran ɗayan ya taso. Ba wanda ya taso.

Da jira ya ishe su sai ƙaddara ta haɗa su a teburin mai shayi ɗaya. Ba na wurin, amma an ba ni labari fiye da yadda nake so. Alhaji Bala, da yake bakinsa ba ya riƙe abu, ya ce shi fa ba ya gaggawa, dillalinsa ya rubuta littafi musamman dominsa. Agali ya ce littafin nasa ne. Wannan ya zaro salula, wancan ya zaro. Aka kunna ɗaya, aka kunna ɗaya, mutane suka taru. Ni ina can ina lallashin wani mai akuya sai na ji muryata tana tashi daga wuri biyu, tana ba da shawara tana warware ta. Daga nan dariya ta ɓarke, irin wadda har raƙuma sai da suka ɗaga kai. Kafin magariba maganar ta shiga kowace salula a Tanut, kafin mako ta kai har garin Falanko.

Na kira Rakiya a salula ina huci. Ta ce:

"Haba Baba! Ba na ce maka mutum ɗaya ba?"

"Yo ai ɗaya-ɗaya na zaunar da su!"

Dariyar mutane ba ta dame ni sosai ba, dillali ya saba. Abin da ya dame ni, ranar Agali bai dawo gida ba. Ya sayar da raƙumi guda a hannun wani, ya sayi hatsinsa, ya kama hanya bai yi mini sallama ba. Uwarku ta yi tuwon baƙo ya huce a kwano. Kasuwa ta gaba aka ce an gan shi ya sauka a gindin wata bishiya a bayan gari, yana dafa shinkafarsa da kansa. Bai je gidan wani dillali ba tukuna, amma na san suna zagaya shi da goro da fara'a. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba. In shiga zaure in gan shi a share, ba warin raƙumi, ba tokar gawayi, sai in ji kamar an yi mutuwa ba a gaya mini ba.

Shi kuwa Alhaji Bala ko a jikinsa. Ya zo yana dariya ya ce shi abin ya burge shi, kuma ya zo da tayi. In ƙarasa littafin domin masu saye kaɗai, a cire na makiyaya, shi zai kai Kano a buga, a sa hotona a bango da babbar riga. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ga hoton nan a raina, har na zaɓi rigar. Na sake kiran Rakiya na gaya mata. Ta ce in bar maganar mai karatu tukuna, in koma tambayar farko, in amsa ta tsakanina da Allah: me nake so? Na buɗe baki zan ce al'umma, sai uwarku ta leƙo daga ɗaki.

"Alhaji, ka bar wahalar da al'umma. Kullum jajibirin kasuwa kana leƙa ƙofa kamar akuyar da aka sayar da ɗanta. Ka tahi ka nemo mutumin nan."

Na naɗe tabarmar na saɓa, na shiga motar Balbeji, daga can na hau kabu-kabu muka yi ta cin yashi har rijiyarsu. Na same shi zaune a inuwar bukka. Ya amsa gaisuwa yadda ya kamata, ya tambayi gida ɗaya bayan ɗaya, ya hura gawayi. Na sha shayin farko. Na fara bayanin aikin dillali, yadda kowa da gaskiyarsa, ya ɗaga mini hannu.

"Kanwa ba komai. Ƙaramin raƙumi ba komai. Wasan kasuwa ne, kowa ya sani. Amma buhuna, maigida. A ina ka ga buhunana wayam?"

Ya ƙara da cewa:

"A zaurenka ka gan su. Ba a kasuwa ba."

 Na tashi na warware tabarmar na shimfiɗa a kan yashi. Na ce masa 'yata ta ce littafi mutum ɗaya ake yi wa, to na zaɓa, ya hau ya zauna, ya kira 'ya'yansa su ma su zauna a bayansa, amma kowa ya kashe salula. Na kwana biyu a wurin ina magana. Na ba su na mai sayarwa, na ba su na mai saye dalla-dalla, sannan na ba su wanda ban taɓa ba kowa ba, na dillali kansa: yadda nake yin fushin ƙarya in kakkaɓe riga kamar zan tafi, abin da nake raɗa wa mai saye in na ja shi gefe, yadda nake gane mutum ya gaji. Babban ɗansa ya yi ta tambaya yana musu, har na ji daɗin yaron. Agali bai ce ya huce ba, bai ce bai huce ba. Da zan tafi ya ba ni cuku in kai wa uwarku.

Na dawo na gaya wa Alhaji Bala littafi ya samu mai shi. Bai yi fushi ba, ya yi dariyarsa, ya ɗauke cinikinsa gaba ɗaya ya kai wa wani dillali, kuma har yau bai dawo ba. Shi ya sa a shekarun nan kuka ga nama ya yi wuya a miyarmu, shi ya sa ginin ɗakin soro ya tsaya a inda ya tsaya. Ba hoto, ba babbar riga. Ku daina cewa kasuwa ce ta lalace, ni na zaɓa da hankalina.

Jajibirin kasuwa ta gaba, da yamma, ina zaune ina yi kamar ba jiran kowa nake ba, sai na ji kukan raƙumi a ƙofar gida. Agali ya sauko, ya miƙa mini akala kamar jiya ya bar gidan, babban ɗansa yana biye da shi. Na shiga ciki da sauri wai zan ɗauko ruwa, don kada su ga idona.

Washegari na gane abin da na jawo wa kaina. Ban taɓa yi wa mutum dillanci mai wuya irin wannan ba. Na kakkaɓe riga zan yi fushi, ya ce in zauna, ya san wannan. Na ja mai saye gefe, ɗansa ya biyo mu yana faɗin abin da zan raɗa tun ban raɗa ba. Cinikin da nake gamawa kafin azahar sai da ya kai mu gab da magariba, na dawo gida murya a dishe. Muka zauna a zaure, aka kawo tuwo, ya ci ya ƙoshi, ya hura gawayinsa. Ya zuba shayi ya miƙo mini, sannan ya sauke rawani daga bakinsa.

"Maigida, littafin ya yi kyau."

Na ce na gode.

"Kada ka sake yin wani."

Na yi masa alkawari. Saboda haka wannan da Rakiya take rubuta mini yanzu, ku karanta a cikin gida, kada wanda ya bar shi a zaure. Gobe jajibirin kasuwa ce, yana tafe.